Fafutukar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da gyaran aikin 'yan sanda: shin sana'a ce da za ta riƙe mutum?

Ɗan_Tudun_Wada:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na kammala digiri a fannin nazarin zamantakewar al'umma, na gama bautar ƙasa, yanzu ina zaune a Gusau. Shan inna ya taɓa mini ƙafar hagu tun ina yaro, saboda haka da sanda nake tafiya. Abubuwa biyu ne zuciyata ta karkata gare su: kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, da kuma aikin ganin an gyara yadda 'yan sanda ke mu'amala da talakawa. Mahaifina yana ganin duk wannan ba aiki ba ne, ya fi son in nemi koyarwa ko in zauna a shagon yayana. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar daga ciki. Shin mutum zai iya riƙe kansa da iyalinsa da wannan aiki a Zamfara ko Kebbi? Kuma idan dole ne in zaɓi ɗaya, wanne ya fi dacewa in fara da shi?

Barista_Argungu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni a ganina kada ka ɗauke su a matsayin hanyoyi biyu da suka rabu, domin a bakin kantar caji ofis suke haɗuwa. Ka ɗauki kurman da aka kama a kasuwa bisa zargin sata. Ba ya jin abin da ake tambayarsa, ɗan sandan da ke rubuta bayani ba ya gane alamun hannunsa, a ƙarshe sai a rubuta abin da mai ƙara ya faɗa a sa shi ya dangwala yatsa. Wannan matsalar masu buƙata ta musamman ce, kuma matsalar aikin 'yan sanda ce a lokaci guda, amma masu aiki a kanta ba su da yawa a yankinmu.

Abin da zan ba ka shawara shi ne ka fara da karanta dokokin da kanka, kada ka tsaya ga abin da ake faɗa a taruka. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu buƙata ta musamman. Ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani ko hukumar da ta nuna wariya, mutum ɗaya kuma naira dubu 100 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024. Ka zaga ka duba da idonka ofisoshi nawa ne aka yi wa gangaren hawa keke, za ka gane yawan aikin da ke jiran ka. A ɓangaren 'yan sanda kuma akwai dokar 2020 da ta maye gurbin ta 1943, wadda ta hana a kama wani a madadin wanda ake zargi, ta kuma hana a kama mutum saboda bashi ko saɓanin ciniki.

Bawa_Mai_Yadi:
Da girmamawa Barista, amma yaron nan tambayar abinci ya yi, ba tambayar doka ba. Mu da muke kasuwa abin da muke gani shi ne a kira taro a otal, a raba riga da hula da kuɗin mota, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Makahon da ke bara a bakin masallacin Juma'a yana nan inda yake. Ni ina tare da mahaifinsa, ya kama sana'a.

Hajiya_Yar_Kaura:
Alhaji Bawa, akwai gaskiya a maganarka, kuma ba zan kare duk abin da ake yi da sunan ƙungiyoyi masu zaman kansu ba. Amma bari in amsa wa yaron tambayar abincin, tunda na daɗe ina aiki a cikinsu.

Ɗana, yawancin ayyukan ƙungiyoyi kwantiragi ne na shekara ɗaya ko biyu, ba su da fansho irin na gwamnati, kuma suna rayuwa ne gwargwadon rayuwar tallafin da ya kawo su. A farkon 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ta hannun hukumar USAID, na ga abokan aiki masu iyali sun wayi gari ba su da albashi, wasu ba su samu ko sanarwar wata guda ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka aikin nan tabbatacce ne kamar koyarwa a makarantar gwamnati, bai gaya maka gaskiya ba.

Sai dai kuma waɗanda suka fi saurin samun wani wurin su ne masu ƙwarewar da ake iya gani. Ba son gaskiya kawai ake ɗaukar mutum aiki dominsa ba. Ana neman wanda ya iya rubuta takardar neman tallafi da Turanci mai kyau, wanda ya iya tattara bayanai daga ƙauyuka ya tsara su a kwamfuta, wanda ya iya lissafin kuɗin aiki har mai binciken kuɗi ya zo bai samu giɓi ba, da wanda ya iya rubuta rahoton abin da ya faru ba tare da ƙari ko ragi ba. Karatunka ya dace da ɓangaren bincike da tattara bayanai. Ka ƙarfafa wannan, domin ko fafutukar ta tsaya, ƙwarewar tana nan a hannunka.

Sufeto_Mai_Ritaya:
Ni na yi aikin ɗan sanda har na ajiye kaki, kuma ina karanta irin wannan muhawara da nauyin zuciya. Ba na musun cewa ana zalunci. An rubuta a bango cewa beli kyauta ne, kowa kuma ya san abin da ke faruwa a wurare da yawa. Amma ina roƙon ɗana mai tambaya, idan zai shiga wannan aiki, kada ya shigo da tunanin cewa ɗan sanda abokin gaba ne.

Na yi aiki a ofishin da babu takardar rubuta bayani sai mai ƙara ya saya, babu man mota sai an roƙa, kuma ba a taɓa koya mana ko sau ɗaya yadda za mu yi magana da kurma ko yadda za mu kwantar da mai taɓin hankali ba tare da duka ba. Na tuna wani dare da aka kawo mana wani saurayi yana ta fisge-fisge, yarana 'yan sanda suka ɗauka taurin kai ne suka sa masa ankwa, ashe farfaɗiya ce ke shirin tasar masa, sai da mahaifiyarsa ta iso da maganinsa a ƙulle cikin gefen zane muka fahimta. Da akwai wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana alamomin, da ba a kai ga haka ba. Mai gyaran da zai zo da horo da kayan aiki za a buɗe masa ƙofa. Wanda zai zo da zagi a Facebook kawai, DPO ba zai ko amsa sallamarsa ba.

Kuma kada a manta, yaranmu da ke fafatawa da 'yan bindiga a dazuka, wasu suna dawowa babu ƙafa, wasu babu ido. Su ma sun shiga sahun masu buƙata ta musamman, kuma ba kasafai ake jin mai magana a madadinsu ba.

Umar_Zuru:
Baba Sufeto, Allah ya ƙara girma. Na yarda da batun horo, amma rashin takarda ba shi ne ke sa a rataye mutum a ɗakin bincike ba. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 ga jami'in da ya azabtar da wanda ke tsare. Idan babu masu bin diddigi su kai ƙara, dokar za ta zauna a takarda. An rusa SARS, sashen 'yan sanda na musamman na yaƙi da fashi, ranar 11 ga Oktoban 2020 ne saboda matsin lambar jama'a, ba don an roƙa cikin lalama ba. Dole a samu masu lallashi, a kuma samu masu matsawa.

Sufeto_Mai_Ritaya:
Umar, ban ce a rufe ido a kan azabtarwa ba. Wanda ya yi a hukunta shi. Abin da nake cewa shi ne mai tambaya zai zauna a Gusau ne, zai riƙa shiga ofisoshin nan da ƙafarsa, saboda haka ya san yadda zai riƙe gaskiyarsa ba tare da ya rufe wa kansa ƙofa ba.

Malama_Kurma_BK:
Ni kurma ce, ina koyarwa a Birnin Kebbi, kuma rubutu ne ya ba ni damar shiga wannan muhawara daidai da kowa. Ina so in ƙara bayani a kan misalin da Barista ya kawo, domin matsalar ta fi yadda ya faɗa zurfi.

Kurame a ƙasar Hausa ba yare ɗaya suke yi ba. Wanda ya shiga makarantar kurame yana amfani da yaren hannu na makaranta, wanda asalinsa daga na Amurka ne. Wanda ya tashi a ƙauye ko a kasuwa bai shiga makaranta ba, yana yin maganar hannu irin tamu ta gargajiya, wani ma alamun da shi da 'yan gidansu kaɗai suka sani. Saboda haka ko an kawo tafinta mai takardar shaida, yana iya tsayawa gaban kurman ƙauye su kasa fahimtar juna. A irin wannan hali sai an haɗa da wani kurma da ya iya duka biyun. Na taɓa raka wata yarinya kurma da aka ci wa zarafi, aka ce ƙanin mahaifinta ya fassara mata, alhali shi ne mai son a rufe maganar don kare sunan gida. Ina tsaye ina ganin hannunta yana faɗin abu ɗaya, bakinsa yana faɗin wani.

Ɗan'uwana mai tambaya, idan kana son abin da zai bambanta ka da sauran masu neman aiki, ka koyi yaren hannu sosai, ka kuma zauna da kurame a majalisarsu. Tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma damar samun tafinta kyauta a kotu idan bai fahimci yaren da ake shari'a da shi ba, amma masu iya aikin ƙalilan ne, kuma asibitoci da kotuna da hukumar zaɓe duk suna buƙatarsu.

Barista_Argungu:
Malama, wannan bayani ya ƙara mini ilimi, Allah ya saka da alheri. Ina so in amsa wani abu da na san zai zo a zuciyar mai tambaya, wato ko dole sai ya zama lauya. Ba dole ba ne. Dokar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta 2011 ta san da mataimaka waɗanda ba lauyoyi ba ne amma an horar da su su wayar da kan mutane su kuma haɗa su da lauya. Irin wannan mataimaki shi ne zai san cewa sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuma cikin kwana biyu. Shi ne zai san cewa doka ta ɗora wa alƙalin majistare ziyartar wuraren tsare mutane na 'yan sanda duk wata, ya kuma tuna wa waɗanda abin ya shafa idan an daina. Shi ne zai san inda ake kai ƙorafi: sashen karɓar koke na rundunar 'yan sanda da aka buɗe a 2015, Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa wadda ke da ofisoshi a jihohi. Talaka da yawa ba lauya yake buƙata a ranar farko ba, wanda ya san hanya yake buƙata.

Nana_Tsafe:
Ni tambayata ga Hajiya ce. Me zai hana ya buɗe ƙungiyarsa kawai, tunda shi ma abin ya shafe shi?

Hajiya_Yar_Kaura:
Nana, buɗe ƙungiya ba shi ne wahala ba. Za ka yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni da amintattu da kundin tsarin ƙungiya, ka yi rajista da SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, ka buɗe asusun banki. Wahalar ita ce masu ba da tallafi ba sa ba sabuwar ƙungiya kuɗi sai sun ga tarihin aiki da rahoton binciken kuɗi na shekarun baya. Na ga matasa da dama sun kashe ɗan abin da suke da shi wajen rajista da buga allon ofis, bayan shekara allon ya koɗe babu aikin da aka yi. Gara ya fara shiga reshen JONAPWD na jiharsa, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, ya yi aikin sa kai, ya koyi yadda ake tafiyar da abubuwa. A ɓangaren 'yan sanda kuma ya riƙa bibiyar ayyukan CLEEN Foundation da marigayi Innocent Chukwuma ya kafa a 1998, da NOPRIN, gamayyar ƙungiyoyi masu neman gyaran aikin 'yan sanda, domin rahotanninsu makaranta ce ga mai son koyo, kuma sukan yi aiki da ƙananan ƙungiyoyi a jihohi.

Malam_Na_Gwandu:
Ina so in yi magana a kan mahaifin yaron, domin na ga an bar shi a baya. Dattijo ba ƙin alheri yake yi ba, tsoro yake ji kada ɗansa ya ƙare yana yawo tsakanin ofisoshi babu abin kai wa gida. Ɗana, kada ka yi jayayya da shi. Ka nuna masa cewa aikin yana da tushe a addininmu. Suratu Abasa ta sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, wanda daga baya ya zama ladani, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barinsa ya jagoranci salla a Madina idan zai yi tafiya. Tsaya wa wanda aka zalunta kuwa ba sai an kawo hujja ba. Sa'an nan ka karɓi koyarwar idan ta samu. Malamin makaranta yana tashi da azahar, yana da hutu, yana da mutunci a gari, kuma babu abin da zai hana shi yin wannan aiki da yamma har Allah ya buɗe ƙofa.

Bawa_Mai_Yadi:
To Malam ya faɗi abin da nake nufi, sai dai ya fi ni iya tsara magana. A samu abin yi tukuna.

Dr_Anka:
Ina goyon bayan shawarar Malam ta wani ɓangare, amma ina jin tsoron kada aikin ya zama abin da ake yi idan an samu rarar lokaci kawai, alhali buƙatar da ke Zamfara ta wuce haka. Gubar dalma da ta ɓulla a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta kashe yara sama da 400, waɗanda suka rayu kuma da yawansu ta bar musu lahani a ƙwaƙwalwa, wasu ta taɓa musu gani. Yaran nan yanzu sun zama samari da 'yan mata. Saurayin da ba ya saurin fahimtar magana, idan aka tsayar da shi a shingen bincike ya kasa amsa tambaya yadda ake so, a yanayin da ake zargin kowa da zama mai kai wa 'yan bindiga rahoto, kun san abin da zai iya faruwa da shi. Kuma yanzu ba 'yan sanda kaɗai ke tsare hanya ba, akwai Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a Janairun 2024, ga 'yan sa-kai a ƙauyuka. Duk suna buƙatar wanda zai koya musu bambanta mai laifi da mai lalura. Ga kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma har yau mai taɓin hankali a wurare da yawa mari da sarƙa ne rabonsa. Wannan aiki ne na cikakken lokaci, kuma ya kamata gwamnatocin jihohi su ɗauki ma'aikata dominsa, kada a bar shi ga tallafin waje.

Umar_Zuru:
Likita ya taɓo wani abu mai muhimmanci. Ana ta maganar kafa 'yan sandan jihohi. Idan hakan ta tabbata, lokacin rubuta dokokinsu da tsarin horonsu shi ne lokacin da ya kamata a ce akwai mutanenmu da suka san harkar a kan teburi, ba sai an gama a zo ana kuka ba.

Sarkin_Yakin_Makafi:
Jikana ne ke karanta mini, shi ne kuma ke rubuta abin da na faɗa. Ina jin ku kuna ta ambaton hukumomin Abuja, har da hukumar masu buƙata ta musamman ta ƙasa da aka kafa a 2020, kuma duk muna maraba da su. Amma ku sani tun kafin a haife su muna da tsarinmu. Akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, akwai Sarkin Kutare, kuma idan ɗayanmu ya shiga hannun hukuma, wurinsu ake fara kai kuka, su kuma su nufi fada. Yaro mai ilimin boko da zai zo ya tsallake su ya kira taro, zai ga kujeru babu kowa. Ɗana, ka je ka gaishe su, ka zauna a tabarmarsu, ka tambaye su abin da ke damun jama'arsu kafin ka rubuta komai. Kuma idan an zo maganar hana bara, a fara gaya mana abin da za mu ci, domin kamen da ake yi mana a titi a zuba mu a mota shi ma yana cikin abin da muke so a gyara.

Malama_Kurma_BK:
Baba, maganarka gaskiya ce. Ina ƙara da cewa mata masu buƙata ta musamman ba kasafai suke zuwa waɗannan majalisu ba, saboda haka ya nemi mace abokiyar aiki da za ta shiga gidaje.

Ɗan_Tudun_Wada:
Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan kai wa mahaifina maganar yadda Malam ya tsara, zan kuma nemi reshen JONAPWD a nan Gusau. Har yanzu dai ina auna maganar Likita da ta Alhaji Bawa, domin kowace tana da nauyi a wurina. Malama, ina ne ya fi dacewa in koyi yaren hannu ba tare da na bar gida na tsawon lokaci ba?

Malama_Kurma_BK:
Idan takardar shaida kake so, akwai sashen ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos, akwai kuma kwalejin ilimi ta tarayya da ke Oyo wadda wannan ne aikinta. Amma hannu ba ya saba wa magana a aji kaɗai. Ka nemi malaman kurame da ke garinku ka roƙi ɗayansu ya riƙa koya maka da yamma, ka kuma biya shi haƙƙinsa, domin mu ma sana'armu ce.

Barista_Argungu:
Kafin ka tafi ƙanena, ka samu kwafin dokar 2018 da ta 'yan sanda ta 2020 ka ajiye a wayarka, duka ana samunsu a intanet. Baba Sufeto, ina da tambaya gare ka: idan matashi kamar wannan yana son a ba shi dama ya yi wa jami'an wani caji ofis bitar awa ɗaya a kan mu'amala da kurame da masu farfaɗiya, ta hannun DPO zai bi, ko ta kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, ko sai ya rubuta wa kwamishina?

Sufeto_Mai_Ritaya:
Ya fara da shugaban kwamitin hulɗa da jama'a na yankin, shi zai gabatar da shi ga DPO. Amma DPO mai taka-tsantsan zai ce a kawo izini daga hedikwata, saboda haka ya rubuta wa kwamishina ta hannun kakakin rundunar, a kan takardar ƙungiyar da aka sani, ba da sunansa shi kaɗai ba. Ya kuma nemi a sa bitar a lokacin laccar da ake yi wa jami'ai a ofis, domin a lokacin ne zai same su a tare.